Babi na Biyar: Ɗanyen Hannu

Bayan sallar magariba ne, a wani gidan haya a unguwar Bè, irin gidajen nan na Lome masu ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, rijiya a gefe. Ƙanwata ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofarta, ta kunna fitilar waya, ta zaunar da ɗiyarta a tsakanin ƙafafunta. Shekarar yarinyar uku da wata bakwai. A gabansu ga littafin rubutu, wanda a nan kowa ke ce wa kaye, an zana baƙin f na Faransanci da jan biro a saman shafi, mai lanƙwasa sama da lanƙwasa ƙasa, ana so ta cika layi biyar da irinsa kafin gari ya waye. Ta yi guda biyu, ko in ce ta yi wasu abubuwa biyu masu kama da ƙugiya, sai fensirin ya suɓuce, ta ɓarke da kuka. Uwar ta damƙe ɗan hannun cikin nata, ta ja shi layi bayan layi har shafin ya cika.

Na ce, "To wannan aikin wa ke nan, naki ko nata?"

Ta ce, "Yaya, kai dai ba ka sani ba. Ɗiyar maƙwabciyata tsararta ce, tana ƙirga har ɗari da Faransanci. Kuɗi nake biya fa, ba wasa na kai ta yi ba."

Ban iya ce mata komai ba a daren, domin na san inda maganar ta samo asali. Ba ƙiyayya ce ta sa ta matse hannun nan ba. Tsoro ne, kuma tsoron ya girme ta.

Bè ta riga Lome ta Turawa. Garin Ewe ne tun kafin Jamusawa su mai da Lome hedkwatar mulkinsu a 1897, kuma har yau kurminsu mai alfarma yana nan cikin unguwar, ba mai shiga kai tsaye. Kakanninmu fatake sun sauko bakin teku a ƙarshen ƙarni na 19 da goro da shanu, suka kafa zango kusa da kasuwa, Zabarmawa da Kotokoli da Yarbawa suka raɓu da su, Hausa ta zama harshen ciniki da na masallaci. A 1977 hukuma ta rushe tsohon Zongo, ta kwashe mutanensa zuwa wani fili mai nisan kimanin kilomita 15 arewa da gari, wajen Togblékopé, inda Agoè-Zongo take a yau. Wani Bafaranshe mai nazarin al'umma, Michel Agier, ya zauna da su jim kaɗan bayan tashin, ya fitar da littafi a kan 'yan kasuwarsu a 1983. Ba kowa ne ya bi ayarin ba. Waɗanda abincinsu yake kasuwar Asigame ko tashar jiragen ruwa sun watsu cikin unguwanni suna kama haya, har da Bè, suka zama baƙi a gidajen masu ƙasa.

Darasin da iyayenmu suka ɗauko daga wannan rushewa guda ne: wanda ba shi da takarda ba shi da baki. Mun makara wajen shiga lakwal, wato makarantar boko, mun kuwa ga abin da makarar ta jawo mana a ofis da kotu da asibiti. Shi ya sa jikokin waɗanda suka riƙa ɓoye 'ya'yansu kada a rubuta su, yau su ne ke ɗora yaro ɗan shekara biyu da rabi a kan zemijan, wato babur ɗin haya, da sassafe, jaka a bayansa ta kusa fin shi girma. Gwamnatin Togo ta soke kuɗin makaranta a azuzuwan share fage da na firamare na gwamnati a 2008, amma duk wanda ya ɗan samu hali makarantar kuɗi yake nema, don a can ne ake cewa yaro yana "yin sauri". Mai makaranta kuwa ya san abin da ake saye a wurinsa. Kaye cike da rubutu ake saye.

*

Bari mu dubi hannun kansa. Ƙananan ƙasusuwa takwas ne a wuyan hannun mutum. Jariri yana zuwa duniya dukkansu guringuntsi ne. A shekara uku, biyu ko uku daga cikinsu ne kawai suka yi ƙwarin da za su fito a hoton asibiti, na ƙarshe kuwa sai yaro ya doshi shekara goma ko ma ya wuce. Kuma ba ƙashi ne kaɗai ke jira ba. Jijiyoyin da ke ba yatsu umarni suna nuna ne daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu, sannan wuyan hannu, sannan kan yatsa. Likitocin yara suna da wani jeri da suka daɗe suna gwada yara da shi: yawancin 'yan shekara uku suna iya kwaikwayon zanen da'ira, 'yan huɗu su yi layi biyu masu gilma juna, mai kusurwa uku sai wajen shekara biyar, mai siffar lu'ulu'u kuwa sai shida ko bakwai. Yanzu a tuna da baƙin f na haɗe, mai madauki biyu. A tuna kuma da shafin da ake so ya zauna a ciki. Layukan kayen da muka gada daga Faransa wani mai sayar da takardu ne, Jean-Alexandre Seyès, ya fito da su a 1892, kuma tsakanin siririn layi da na kusa da shi milimita biyu ne. Ɗiyar ƙanwata da'ira take iya yi, babba, a ƙasa, da tsinke. An ba ta aikin 'yar shekara shida a filin da bai kai faɗin ƙwayar shinkafa ba.

Yaron da aka tilasta wa haka yakan nemo dabara. Ya damƙe fensir da dukan tafinsa, ya sunkuya har hancinsa ya taɓa takarda, ya ƙame kafaɗa. Riƙon da ya koya a gurguje yakan bi shi har girma. Abin da ya fi wannan muni ba a ganinsa a takarda: kafin ya san me rubutu yake nufi, ya riga ya san cewa abu ne mai sa kuka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari a 2019 game da yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Ɗan shekara uku zuwa huɗu yana bukatar aƙalla minti 180 na motsa jiki a yini, da barcin awa 10 zuwa 13, kuma kada a tsare shi wuri ɗaya fiye da awa guda a jere. Duk wanda ya taɓa leƙa aji mai yara hamsin a ɗakin da aka gina don haya, benci a manne da benci, hannuwa a harɗe a ƙirji, ana maimaita sunayen ranakun mako da ƙarfi tun bakwai da rabi, zai iya yin lissafin da kansa.

Abin dariya, idan abin dariya ne, shi ne masu tsarin da muke kwaikwayo sun yi wannan faɗan tun da daɗewa. A 1881 aka naɗa Pauline Kergomard babbar mai duba makarantun ƙananan yara na Faransa, ta riƙe muƙamin har 1917. Ta tarar da ɗakuna da aka jera yara a kan matakala kamar 'yan kallon ƙwallo suna haddar abin da ba su gane ba. Ta ƙarar da shekarunta tana ja da wannan, tana cewa wasa shi ne sana'ar yaro, kuma makarantar ƙanana ba ƙaramar firamare ba ce. Mun karɓi riga da kaye da jan biro, muka bar maganar matar a can.

*

Sunan da masana ke kiran wannan batu da shi a yau daga Amurka ya fito. A shekarun 1980 makarantun can sun fara turo karatun aji ɗaya zuwa azuzuwan 'yan shekara huɗu da biyar, da jarrabawa da takardun cikewa, kamar dai yadda muke yi yanzu. Ƙungiyar malaman ƙananan yara ta ƙasar, NAEYC, ta fitar da matsaya a 1986, ta faɗaɗa ta zuwa littafi a 1987 wanda Sue Bredekamp ta tsara. In za a faɗi manufar da Hausa, daidai ruwa daidai tsaki ce: koyarwa daidai ƙarfin yaro. Da farko tambaya biyu suka ce malami ya yi kafin ya ba yaro aiki. Me yara masu waɗannan shekaru suke iyawa? Shi wannan yaron da ke gabana fa, da halinsa da lafiyarsa, me yake iyawa? Sai aka taso musu da suka, aka ce yaron da suka auna kowa da shi ɗan gidan Bature ne mai hali. A gyaran da suka yi a tsakiyar shekarun 1990 suka ƙara tambaya ta uku: daga wane gida, wane harshe, wace al'ada yaron ya fito? Sun sake gyara a 2009 da 2020, kuma tambaya ta ukun sai ƙara nauyi take yi.

Wannan ta ukun ita ce tamu, kuma a nan nake rabuwa da wasu 'yan boko da ke ganin sai an sayo kayan wasa na roba daga Turai sannan aji ya zama na zamani. Bame Nsamenang, masanin halayyar yara ɗan Kamaru wanda ya rasu a 2018, ya nuna cewa a yawancin gidajen Afirka ana auna girman yaro ne da irin nauyin da za a iya ɗora masa, kuma aike shi ne ma'aunin farko. Enid Schildkrout, wadda ta rubuta littafi a kan Zongon Kumasi a 1978, ta yi bincike a Kano a shekarun 1970 ta ga yadda yara suke zama ƙafafun matan kulle: su kai saƙo, su sayo, su sayar, su kawo canji. A duba abin da ke cikin aike ɗaya tak. "Je ki gaida Mma, ki ce ta ba ni gishiri da magi biyu, kada ki tsaya wasa." Yarinya za ta riƙe abu uku a ka, ta bi su a jere, ta gaisa yadda ya dace, ta danne sha'awar tsayawa wurin ƙawayenta, ta ƙirga biyu. Masana ƙwaƙwalwa suna da dogayen sunaye ga kowane ɗaya daga cikin waɗannan, kuma sun yarda su ne ginshiƙin karatun da zai zo daga baya. Mu "hankali" muke cewa, mu ce yarinya ta fara hankali. (Kada a ɗauka ina wanke tallar dare ko ɗora wa ƙananan 'yan mata kaya a Asigame. Aiken da ke koyarwa gajere ne, kusa da gida, kuma ana tambayar yaro yadda ya yi idan ya dawo.)

Makarantar allo ma, da ake yawan yi wa kallon baya, ta san wannan tsari tun kafin a haifi NAEYC. Kolo ɗan shekara huɗu ba a ba shi alƙalami. Zama yake yi kusa da yayyensa yana ji, yana biya Fatiha da gajerun surori da baki. Sai babbaƙu, baƙaƙe tsirara ba wasali, kuma da sunaye masu hoto da yaro zai kama: ha ƙarami, ha babba, ain baki wofi, ɗa mai hannu, mim jaye. Sai farfaru, sai haɗa kalma. A duk wannan tafiya malam ne ke rubuta masa allo, manya-manyan baƙaƙe da tawada, shi nasa bi da yatsa. Rubutu da hannunsa sai can gaba, bayan ido da kunne sun daɗe da sabawa. Wanda ya tsara wannan ya kalli yara da kyau.

Inda allon ya gaza shi ne bulala, kuma malaman da muke taƙama da su ba su goyi bayan yadda muke yi da ita ba. Muhammad ibn Sahnun na Ƙairawan, Bamalike kamarmu, wanda ya rasu a 870, ya rubuta littafi a kan ladubban malamai inda ya taƙaita dukan yaro ƙwarai, ya hana malami duka cikin fushi. Ibn Khaldun ya ware fasali guda a Muƙaddima don nuna cewa tsanani yana cutar da ɗalibi, yana koya masa ƙarya da ɓoye abin da ke ransa, yana kashe masa kuzari. Imam Ghazali ya ce a bar yaro ya yi wasa bayan karatu, domin hana shi yana kashe zuciyarsa. Ita kanta salla, ginshiƙin addini, sai a shekara bakwai hadisi ya ce a fara umartar yaro da ita. Idan an yi wa salla jinkiri har shekara bakwai, ban ga dalilin da baƙin f zai kasa jira ba. Masu kare tsanani sukan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haka ne. Amma duk wanda ya taɓa saƙa kwando ya san a hankali ake lanƙwasa ɗanyen reshe, in an fizge shi tsagewa yake yi ta ciki, ɓawon kuma yana nan lafiya ba wanda zai gane.

*

Akwai kuma batun harshe, wanda a Bè ya fi na Kano rikitarwa. Ɗiyar ƙanwata tana jin Hausa a ɗaki, Mina a tsakar gida da wurin mai sayar da koko, Larabci a makarantar yamma, Faransanci a aji. Harshe huɗu kafin shekara huɗu, kuma wannan arziki ne, ƙwaƙwalwar yaro tana ɗauka. Matsalar tana zuwa ne idan aka ce ɗaya ne kawai harshen mutane. Manyanmu suna tuna siñal, ƙashi ko ƙoƙon katantanwa da ake rataya wa yaron da aka kama yana yaren gida, shi kuma ya yi ta farautar wanda zai miƙa wa kafin a tashi. Gyaran ilimi na 1975 ya ɗaga Ewe da Kabiye zuwa harsunan ƙasa da za a koyar, Hausa ba ta cikin lissafin. A Nijar an fara makarantun gwaji da Hausa a Damagaram a 1973, a Ile-Ife kuma Babs Fafunwa ya jagoranci gwajin koyar da firamare duka da Yarbanci daga 1970, kuma yaran ba su rasa Turanci ba don sun fara da harshen uwa. Ba na cewa a buɗe ajin Hausa a kowane lungu na Bè. Abin da nake nema ƙarami ne: yarinyar da fitsari ya matse ta, ta faɗa da Hausa ko Mina, a ji ta. Na san yaron da ya jiƙa wandonsa sau da yawa don bai iya jimlar neman izinin fita da Faransanci ba, aka rubuta a takardarsa cewa ba shi da tsabta.

*

Ranar da uba ya kai ɗansa makaranta, kalmar da yake faɗa ita ce amana. "Malam, ga amana nan." Turawa sun ɗauki lokaci kafin su rubuta tasu amanar. NAEYC ta amince da kundin ɗa'ar aikinta a 1989, bayan shekaru ana tattara ainihin matsalolin da malamai ke karo da su, aikin da Stephanie Feeney da Kenneth Kipnis suka ja gaba. Ƙa'idar farko a ciki ita ce kada a cutar da yaro, a jiki ko a zuci, kuma sun ce wannan ƙa'ida tana gaba da duk sauran. Ma'anar wannan fifiko tana da nauyi: idan abin da uwa take so, ko abin da mai makaranta ya umarta, ya ci karo da lafiyar yaro, malama ta san gefen da za ta tsaya.

Doka a Togo ba ta yi shiru ba. Kundin haƙƙin yara na ranar 6 ga Yuli 2007 ya haramta duka da sauran nau'o'in azabtarwa a makarantu da wuraren koyon sana'a. Akwai layin waya kyauta, Allo 1011, na kai ƙarar cin zarafin yara. A 2022 majalisa ta ƙara wata doka ta kare ɗalibai daga lalata. Amma yawancin cin amanar da ake yi wa ɗan shekara huɗu ba ya kai girman da za a buga waya a kansa, kuma shi ne ya fi yawa. Mai makaranta ya shigo aji ya kira sunayen waɗanda iyayensu ba su biya ba, ya fitar da su rana, alhali yaro bai san me ake kira bashi ba, abin da ya sani kawai shi ne an ware shi. A jera 'yan shekara uku daga na ɗaya zuwa na arba'in a ƙarshen zango, a karanta a gaban iyaye, na ƙarshen kuwa sau da yawa shi ne kawai wanda aka haifa a ƙarshen shekara. Yarinya ta faɗa wa tata, wato malamar ajinsu, cewa jiya baba ya mari mama, kafin la'asar labarin ya kai bakin famfo. A ɗauki hoton yaro yana kuka ko yana barci da majina a tura WhatsApp don a yi dariya. Hajiya mai shago ta riƙa aiko wa tata da atamfa da naman salla, ɗanta ya koma bencin gaba. Kyauta a al'adarmu ba laifi ba ce, kuma ba zan ce wa macen da albashinta bai kai ƙarshen wata ba ta mayar da turmin zane. Sai dai ta tambayi kanta wane yaro ne ta daina gani tun da zanen ya shigo.

A Bè akwai wani gwajin da ba kowane gari ke da shi ba. A aji ɗaya za ka sami ɗan Musulmi da laya a wuya, da ɗan coci, da ɗiyar gidan da ke bin addinin gargajiya da tsakiya a hannu ko tsaga a fuska. Malamar da ta tsinke layar ta jefar, ko ta ce wa yarinyar tsakiyarta ta shaiɗan ce, ko ta tilasta wa kowa addu'ar da ba ta gidansu ba, ta shiga hurumin da ba a ba ta ba. Wannan ya hau kan makarantunmu na Faransanci da Larabci kamar yadda ya hau kan na mishan.

Duk wannan da sauƙin faɗa. Wahalar tana wurin da kuɗi yake. A shekarar karatu ta 2015 zuwa 2016 wasu masu bincike, cikinsu har da Sharon Wolf, suka yi gwaji a makarantu 240 na gwamnati da na kuɗi a yankin Accra, tafiyar 'yan awoyi daga nan. Aka kasa makarantun uku. Kashi ɗaya aka bar su yadda suke. Kashi na biyu aka horar da malaman ajin ƙanana na 'yan kwanaki kan koyarwa ta wasa da ladabtarwa ba duka, ana kuma zuwa duba su a aji. Kashi na uku aka yi wannan horon, aka ƙara da tarukan wayar da kan iyaye. A kashi na biyu azuzuwa sun gyaru, yara sun ƙaru a shirin karatu da lissafi da zama da mutane, malamai sun rage gajiya da aikin. A kashi na uku, inda kowa ya zaci za a fi samun nasara, ribar da yaran suka samu ta ɓace. Masu binciken sun yi hasashen cewa da iyaye suka ji ana maganar wasa, sai suka tsorata, suka ja da baya da abin. Da na karanta wannan, fuskar ƙanwata na gani a hasken fitilar waya.

Ga kuma ita malamar. Mafi ƙarancin albashi a Togo ya tashi daga sefa 35,000 zuwa 52,500 a farkon 2023, amma na san tatoci a makarantun kuɗi da ba su taɓa ganin wannan adadi ba, ba takardar ɗaukar aiki, ba albashi a watannin hutu. Mace irin wannan ake so ta dubi mai makaranta ta ce ba za ta ba da aikin gida ba. Kundin ɗa'a a ƙasashen da ya yi tasiri yana da ƙungiya a bayansa, da horo, da takardar shaida, da wurin kai kuka. In babu waɗannan, an bar amanar duka a wuyan wadda ta fi kowa rauni a cikin ginin. Ni a ganina mai makaranta da mai duba makarantu su ne farkon waɗanda za a tambaya, sannan mu iyaye, sannan ita.

Bayan kwana biyu na raka yarinyar makaranta, na nemi ganin tatarta. Matashiya ce 'yar Ewe, da alli a gashinta. Na yi tsammanin gardama. Sai ta buɗe wani kwali a bayan ƙofa ta nuna mini: marafan kwalba da ta tara ta kasa su launi-launi, faranti cike da yashin bakin teku na zana baƙaƙe da yatsa, tsinken tsintsiya da aka yanka tsayi daban-daban, igiya da guntayen bututu na zurawa.

Ta ce, "Alaji, an koya mana duk wannan. Amma ranar da na aika yara gida da kaye ba rubutu, iyaye uku suka zo wurin mai makaranta. Ɗaya ta ce in yashi take so ɗanta ya taɓa, teku ba ta da nisa."

Na ce, "Tata, in uwar wannan ta yarda fa?"

Ta ce, "In ta yarda, ta faɗa wa mai makaranta da bakinta, kada ya ce ni na zuga ta."

Sai da aka yi mako guda ana ja-in-ja a gida. Abin da ya karya ƙanwata a ƙarshe ba ƙasusuwa takwas ba ne, ba kuma Accra ba. Tuna mata na yi da shekarar da malaminmu na allo ya fara barin ta ta riƙe alƙalami, ta ƙirga da yatsu ta ga ta haura takwas, ga shi kuwa duk gidanmu ba mai kyan rubutunta. Ta je ta yi magana. Yanzu aikin gidan yarinyar ya canza: ta tsince tsakuwa daga wake, ta ƙirga cokulan gidan ta kawo adadin da safe, ta nemo abu uku masu da'ira a tsakar gida, ta sa kakarta ta yi mata tatsuniya ta zo ta ba 'yan ajin da harshen da ta ga dama. Kayen yana cikin jaka, da manyan da'irori a shafukansa, wasu an yi musu ido da ƙafa.

Ran Lahadi da yamma dai, lokacin da maƙwabciya take zaune a waje tana tsefe kai, ƙanwata takan fito da tabarma da fensir, ta sa yarinyar ta yi layi ɗaya na f, inda za a gani.